Tjark Ommen, Mai Ƙwato Ƙasa Daga Bakin Teku

Da zarar ruwa ya janye daga gaɓar ƙauyenmu da ke yankin Firisiya, Tjark Ommen zai kurɓe shayinsa, ya zura dogayen takalman roba, ya haura ganuwar da ta raba mu da teku, ya nutsa cikin laka har gwiwa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya kafa turaku sahu biyu, ya cusa kirare a tsakani, ya ɗaure tamau. Duk dawowar ruwa sai ya bar laka a wurin. Laka ta taru, ciyawa mai jure gishiri ta tsiro, a hankali fadama ta samu.

Gesche, tsohuwar da gidanta ke gindin ganuwa, ba ta barinsa ya wuce salin-alin.

"Tjark! Yau ma teku za a yi wa shinge? Ka haɗa mata da ƙofa da kwaɗo mana!"

"Ke dai ɗora ruwan shayi, uwar surutu."

Wani hunturu guguwa ta tumɓuke aikin shekaru, ta watsar da turakun. Onno, abokin aikinsa, ya dubi ɓarnar ya ce shi kam ya haƙura. Tjark ya sunkuya ya zaro turke guda daga laka, ya miƙa masa guduma. Onno ya ja tsaki, ya karɓa.

Bara ruwa ya yi hawan da ko dattawa ba su taɓa gani ba, aka kwashe mutanen gindin ganuwa zuwa coci. Igiyoyin ruwa suka taso a fusace, amma kafin su ratsa fadamar, ƙarfinsu ya karye. Ganuwa ta tsaya. Gesche ta tarar da ɗakinta a bushe. Da ta gamu da Tjark sai ta riƙe hannunsa gam, ta ja shi gida ta ɗora masa ruwan shayi.

Bana gwiwoyin Tjark sun ƙi, ya ajiye guduma.

Kai ne, Tjark, gagara-gajiya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin taɓo don mu zauna a busasshiyar ƙasa. Mun gode. Sannu da aiki, dattijon kirki.

Ku kuma matasanmu, teku ba ta tsufa, kullum ƙara hawa take yi. Onno yana can bakin fadama shi kaɗai, kuma turke ba ya kafuwa sai da mai riƙewa.