Farin Ƙyallen Egya Ekow Bentsil

Ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, da hantsi, ina tsaye a kan murhun bandar kifi sai ga Esi 'yarka ta shigo babu ko takalmi. Ta ce, "Maame Araba, Baba ya tafi." Haka na ji rasuwarka, Egya Ekow Bentsil, bakaniken jiragen kamun kifi na nan Elmina, bayan jinyar wata biyu, kana da shekara saba'in da ɗaya. Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni. Kafin hawaye ya zo mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wa zai duba mini bututun mai ranar Talata. Jirgi ɗaya gare ni, na katako mai inji a ciki. Ɗana Fiifi ne kyaftin, mutum goma sha shida ke fita a cikinsa. Duk rayukan nan suna rataye ne a kan wani bututu da bai fi kaurin ɗan yatsa ba, wanda ke kai baƙin mai cikin inji. In ya tsage a tsakiyar teku, mai zai tsiyaye, injin ya buga kafin a ankara, igiyar ruwa kuma ta tafi da su inda ta ga dama. Shekara ashirin da uku ina barci da munshari saboda na san kai ke dubawa.

Ranar Talata ba mai fita teku. Wasu na ɗinkin raga, wasu na dara, kai kuwa sai ka bi jirage ɗaya bayan ɗaya da sufana biyu a aljihu da farin ƙyalle da ka yanka daga buhun fulawa. Ka goge bututun tas, ka sa a ta da inji, sannan ka bi shi da ƙyallen tun daga famfo har matatar mai, noti bayan noti. Inda ya kusa gogar ƙarfe ka tsaya, inda tiyo ya fara taushi ka matsa da yatsa. In ka fito sai ka ɗaga ƙyallen a rana kowa ya gani. Idan fari ne, gobe a fita. Idan da ɗigo ko ɗaya, ko uban waye mai jirgin, sai ya jira.

Ni ma sai da ka sa na jira, kuma ban yafe maka da wuri ba. Shekara goma sha tara ke nan, ana jajibirin Bakatue, bikin buɗe lokacin kamun kifi, kowa na yi wa jirginsa kwalliya. Ni da ba na son a fi ni, na sa aka shafe nawa da shuɗin fenti ciki da waje, har injin da bututansa suka yi shar. Kifi ya shigo makil a shekarar, washegarin biki nake son Fiifi ya fita. Ka sauka ɗakin inji, ban ji ƙarar sufana ba, sai na ji kankara. Na leƙa, na tarar da kai kana kankare mini fenti da wuƙa.

Na ce, "Egya, ka haukace ne? Jiya fa aka shafa."

Ko ɗaga kai ba ka yi ba, ka ce, "Maame, injin nan aure za ki kai shi? Fenti yana toshe mini ido. Yau zai riƙe mai, in ya sha zafi a teku ya saki."

Na yi ta masifa har mata masu sayen kifi suka taru. Na ce jirgina ne, gobe sai ya fita. Ka kwance bututun gaba ɗaya, ka danna shi a hammata, ka hau tudu da shi. A nan gaban jama'a ka ƙarasa kankarewa, ka ɗan lanƙwasa shi, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta buɗe baki, mai yana tsattsafowa. Ka miƙo mini, ka ce, "Ga shi, ki mayar da hannunki in kina so. Ɗanki ne a ciki." Kwana uku jirgin ya yi a ɗaure kafin a samo sabo daga Takoradi, ina kallon na wasu suna dawowa cike. Wata guda ban gaishe ka ba, kuma ba don kifin ba ne, kunya ce ta hana ni. Daga baya na aika maka da dokunu, tuwon masararmu, da soyayyen kifi, ka aiko a ce wa "Maame mai fenti" barkonon bai ji ba. Sunan ya bi ni har yau, bututun kuma yana nan rataye a rumfarka da shuɗin fentina a jikinsa.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Akwai kyaftin da yawa a bakin ruwan nan da suka zage ka da safe, suka zo godiya da yamma. Ba ka taɓa ɗaure tsagaggen tiyo da roba don mai jirgi yana sauri ba, ba ka kuma taɓa ce wa matar da mijinta ya nutse ta biya ka ladan duba ba.

Talatar ƙarshe da ka zo, a watan Yuli, ƙafafunka sun kumbura, ka kasa sauka tsani. Na ce bari a kira Fiifi. Ka ce, "Fiifi yana son fita, mai son fita ba ya ganin ɗigo. Ke ce mai tsoro, ke za ki sauka." Na ce a shekaruna? Ka ce, "Bakin da ya iya tara kasuwa a kaina, ƙafarsa ta iya tsani." Na ɗaure zani na sauka, kana zaune a sama kana ba ni umarni kamar 'yar makaranta: fara daga famfo, kar ki tsallake noti, zura hannu ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sau uku ka mayar da ni. Na ɗauka tsokana ce irin taka, ashe sallama kake yi.

Talatar da ta biyo bayan rasuwarka na yanki buhun fulawa na sauka ni kaɗai. Na bi yadda ka koya mini. A noti na huɗu, ta ƙasa, ƙyallen ya fito da ɗigo. Fiifi ya ce, "Mama, wannan ai ba komai ba ne, kifi na can yana jira." Na ce ya jira. Ya yi fushi irin nawa na wancan lokacin, na bar shi ya yi. Aka kwance, aka tarar bakin bututun ya cinye. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar Asabar. Alhamis suka fita, Asabar suka dawo, na tsaya a bakin ruwa na ƙirga su, goma sha shida cif.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Maame Ekua Atta, da Esi da ƙannenta, da jikoki, da duk masu jiragen da ka bari. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku yadda Egya ya tsaya wa 'ya'yanmu. Kai kuma Egya, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa yi ba ranar Talata. Ranar da za a ɗaga aikin kowa a gani, Allah ya sa naka ya fito fari.

Ka kwanta da kwanciyar hankali. Talata mai zuwa ma zan sauka.