Koren Jirgin da Malam Ya Ajiye Mini

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam Isyaku, Allah Ya jiƙansa da rahama. A nan Kuala Lumpur korona ta ɗauke shi, a nan kabarinsa yake, shi ya sa har yau ban tattara na koma Zariya ba duk da kiran da 'yan'uwa suke yi. Duk shekara idan watan nan ya kama, abokansa na jami'a sukan rubuta game da iliminsa da haƙurinsa, kuma gaskiya suke faɗa. Ni yau labarin wani faffaɗan katako zan bayar, wanda ya cinye mana rabin falo, da abin da na yi a kansa da har yanzu ban gama yafe wa kaina ba.

Malam ɗan reluwe ne. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne a layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da kukan jirgi ya buɗe ido. Da muka zo karatu, shi yana digiri na uku a fannin lantarki, ni ina na biyu, muka kama gida a hawa na sha ɗaya a unguwar Pantai Dalam. Ba mu yi wata uku ba ya gano kantin wani dattijo ɗan asalin Sin, Ankul Tan, mai sayar da ƙananan jiragen ƙasa irin waɗanda manya ke haɗawa a gida. Daga ranar na yi sallama da falona. Ya shimfiɗa dogo a kan katako, ya gina tasha da kwali, ya dasa mata itatuwan darbejiya na soso, ya ce wai tashar Funtuwa ce.

A lokacin tsarin tsohon yayi yake amfani da shi, wanda suke kira analog. Wuta ce ke bin dogon, abin murɗawa kuma guda ɗaya ne. Ka murɗa, duk jirgin da ke kan layin ya tashi. Ka mayar, duk su tsaya. Mutum ɗaya ne ke tuƙi, na biyu sai dai kallo, ni kuwa ko kallon ba na yi.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba. Shekararmu tara da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Matan 'yan'uwanmu idan sun zo ziyara sukan leƙa katakon su ce, “Kai, yara za su so wannan,” sai kuma su kama bakinsu. Ni a raina kowane ɗan jirgi gori ne. Gani nake yi wasan da ya so ya yi da ɗansa ne yake yi shi kaɗai a gabana. Bai taɓa cewa haka ba, ko da fuska. Ni ce na ƙulla abina, na riƙe, na yi ta huce shi a kan kwali da waya.

Da aka sa dokar kulle, jami'a ta koma cikin kwamfuta, garin ya yi tsit. Ta taga muna hangen jiragen birni suna wucewa babu kowa a ciki. A nan ne Malam ya ce zai mayar da layinsa dijital. Ya yi mini bayani ina tsince shinkafa: kowane kan jirgi za a buɗe shi a sa masa wata 'yar na'ura da ba ta kai farce ba, shi yana ce mata ƙwaƙwalwa, a ba shi lambarsa. Wuta za ta zauna a dogon koyaushe, amma jirgi ba zai motsa ba sai an kira lambarsa. Sai ga shi ya zaro rimot biyu daga kwali.

“Bilki, kin ga amfanin abin? Yanzu mutum biyu za su iya tuƙi a layi ɗaya, kowa da nasa.”

Na ce, “To, Allah Ya kawo na biyun. Ni dai na wuce wasan yara.”

Ya yi 'yar dariya, ya ajiye rimot ɗin a gefen kujerar da nake zama. Ya fi shekara a wurin, ina goge masa ƙura ina mayarwa.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Kaya ba sa isowa da wuri, ga wayoyi sirara kamar gashin masara, ga idonsa da ya fara rauni. Sai ya ɗora tabarau a kan tabarau yana liƙi da dalma, gidan duk ya ɗauki ƙauri, ni kuma ina mita ina buɗe tagogi. Ɗaya bayan ɗaya ya gama huɗu. Saura wani kore da ya ajiye a kan kanta yana jiran ƙwaƙwalwarsa ta iso. Na tuna ya ce mini wani abu game da koren nan, na ce “to” ban ɗago daga wayata ba.

A shekara ta biyu ta annobar zazzaɓi ya kama shi. Kwana shida yana gida, a na bakwai numfashi ya gagara, motar asibiti ta zo. A bakin lif muka rabu, yana ɗaga mini hannu da takunkumi a fuskarsa. Ban sake ganinsa ba sai ta waya. Ba a yi masa wanka ba, taimama aka yi masa a kan ledar da aka naɗe shi, wasu bayin Allah cikin fararen kayan kariya suka sallace shi suka binne. Ni ina falo, a gefen tashar Funtuwa, ina kallo a allon da bai fi tafin hannuna ba.

Takaba ta same ni a cikin kulle, babu mai shigowa, sai dai a rataye mini abinci a ƙofa a buga waya. A sati na uku wani ɗan ƙunshi ya iso da sunansa, ban ma iya buɗewa ba. Amma a ranar, da hantsi, na ji shirun gidan ya fi ƙarfina. Na ɗauko koren nan daga kanta na ɗora a kan dogo, na kunna wuta. Bai motsa ba. Sai ya fara wani ɗan kuka siriri, ni kuwa da na yi kwanaki ban ji sautin komai ba, na zauna ina saurare ina hawaye. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Ƙauri ne ya farkar da ni, da wani siririn hayaƙi.

A daidai lokacin maganarsa ta dawo mini tiryan-tiryan: ko da wasa kada a ɗora koren nan a layi sai an sa masa ƙwaƙwalwa, domin wutar sabon tsari tana dafa injin tsohon jirgi yana tsaye. Na fizge shi da zafinsa, na juya cikinsa. Malam yakan manna wa kowane jirgi 'yar takarda a ƙasa ya rubuta lambarsa. A jikin wannan ya riga ya rubuta lamba biyar, a ƙarƙashinta kuma, da rubutunsa mai kwanciya, “Bilki”. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza, ban ɓoye wa kowa wannan ba.

Bayan na fita takaba an buɗe gari, na naɗe koren a ɗankwali na kai wa Ankul Tan tare da ƙunshin da ban buɗe ba. Ya sansana jirgin, ya girgiza kai, ya ce injin ya tafi amma zai nemo wani. Da ya buɗe ƙunshin, ƙwaƙwalwar koren ce a ciki. Da na ce ya haɗa mini gaba ɗaya, sai ya ƙi.

“Ke za ki haɗa, boleh lah, za ki iya, zan nuna miki,” in ji shi. “Mijinki duk zuwan da zai yi sai ya ce mini, bana madam za ta yarda.”

Asabar uku ina zuwa. Na ƙona yatsa, na tsinka waya, na sa ja a wurin baƙa, dattijon nan yana tsaye a kaina yana faɗa kamar malamin makarantar allo. Ranar da koren ya amsa lamba biyar ya taka, Ankul ya juya baya yana gyara kayan da ba su buƙatar gyara.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. An cire takunkumi, kasuwar Chow Kit ta koma cunkosonta, mutane suna maganar korona kamar wani tsohon ruwan sama. An buɗe sabon layin jirgi a garin bayan tafiyarsa, na san da ya ja ni mun hau daga farko har ƙarshe ba don muna da wurin zuwa ba. Da ya ga matar da ta wuce wasan yara sanye da tabarau tana liƙi da dalma, ba zai yi gori ba, ba halinsa ba ne. Zai ce dalmar ta yi yawa, ya karɓa ya gyara.

Littattafansa na raba wa ɗalibai, tufafinsa na aika gida. Abin da ya rage mini wanda hannunsa ke ciki har yanzu shi ne baƙin kan jirginsa mai lamba ɗaya. Ya saita ƙwaƙwalwarsa yadda ba zai taɓa fizga ba. Ko ka murɗa rimot har ƙarshe, a hankali zai tashi, kamar mai jiran wani ya gama hawa. Ya ce haka Baba yake barin tasha. Ban taɓa wannan saitin ba, kuma ba zan taɓa ba.

Sabon tsarin yana da wani hali da tsohon ba shi da shi: idan ka ba jirgi umarni ka ajiye rimot, zai ci gaba da tafiya a kan umarnin, kai kuma ka ɗauki ɗayan. Duk Juma'a bayan la'asar nakan kira lamba ɗaya, in jira ya tashi a hankalinsa, in ajiye rimot ɗin a kujerar Malam. Sannan in ɗauki nawa, wanda ya fi shekara yana jirana, in sa koren a bayansa. Allah Ya kai haske kabarinka, Malam. Na yarda, sai dai na makara.