Littafin Ƙyallen Gwaggo

Ranar da ɗiyata ta dawo daga makaranta tana cewa malamarsu ta Turanci ta ce kowa ya yo "sikirafbuk", sai da na sa ta maimaita sau uku. Ta ce wai littafi ne da ake liƙa hotuna da guntayen takardu da duk abin da mutum ba ya son mantawa.

Na ce, "Au, irin na Gwaggo! Ɗauko hijabinki."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tela ce a Ƙofar Sauri. Tun ina yarinya, duk ɗinkin biki ko suna da ta yi, sai ta yanki ɗan ƙyalle ta manna shi da ƙaro a wani tsohon littafi mai faɗi. Ba ta rubuta komai a ƙasa, a kanta take riƙe labarin kowanne.

Muka iske ta a kan keken ɗinki. Bayan doguwar gaisuwa, ɗiyata ta faɗa mata sunan abin da Turanci.

"Mi?" in ji Gwaggo. "Ashe har suna gare shi! Ni dai littafin ƙyalle nake ce mashi."

Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya kumbura har ba ya rufuwa. Ta ɗora yatsa a kan wata koriyar atamfa, ta dubi ɗiyata.

"Ankon bikin uwarki ne wannan. Ranar ruwa ya tsuge, amarya ta shiga mota da takalmi a hannu. Wannan leshin kuma na wata Hajiya ne daga Batagarawa. Sau uku tana maido shi wai na matse mata, alhali ita ce ke ƙara ƙiba."

Muka yi ta dariya har da hawaye. Da ta iso kan wata farar shadda sai ta shafa ta, ta dube ni.

"Rigar sallar babanki ta ƙarshe. Allah Ya jiƙan Yaya."

Muka ce amin, ta buɗe gaba.

Ɗiyata ta roƙi aron littafin ta kai makaranta. Gwaggo ta ce ko zaure ba zai leƙa ba. Sai ta cika mata leda da ƙyallaye, ta haɗa mata da dunƙulen ƙaro, ta ce, "Je ki fara naki."

Ta kuwa fara da himma. Ranar Juma'a na ɗauko sabon zanena zan ɗaura, na iske an zabtare gefensa da almakashi. Na ƙwala mata kira, ta leƙo da ƙaro a yatsu ta ce, "Umma, shafin farko fa na ba ki."