Kitse a Birkin Baba

Babana mahauci ne a Ƙofar Rini, babur ɗinsa kuwa ya girmi ƙannena duka. Da shi yake zuwa kasuwar shanu ta ƙauye duk mako, shi kaɗai, a titin da manyan motoci ba sa raga wa kowa.

Wata ranar jajibirin kasuwa na je gida bayan la'asar. Na tura babur ɗin zan matsar da shi inuwa, sai na ji tayar gaba tana tirjewa. Na matsa birki na saki, bai sake ta ba. Ga shi kuwa da sassafe mutumin nan zai hau hanya.

Ni ba makanike ba ne, ɗan taɓa-taɓa ne kawai. Na durƙusa na kwance ƙarfen nan da ke cizon faifan birki. Wari ne ya fara yi mini sallama. Kitsen saniya ne danƙare a ciki, ya sha rairayi ya zama kamar tuwon jiya. Raina ya ɓaci. Na san halin mutanenmu, ƙofa ta yi ƙara kitse, wuƙa ta yi tsatsa kitse. Amma birki fa?

Baba yana kan tabarma a zaure yana kallona.

"Baba, ku kuka sa wannan?"

"Ni na sa. Ya yi tauri, nac ce shi ɗan yi laushi."

"Birki ne fa, Baba, ba balangu ba."

Na koma kan babur ɗin.

Na samo fetur da tsohon buroshin haƙori na yi ta dirza. Ƙusoshin da ƙarfen ke zamewa a kansu sun ƙame, sai da na yi ta murɗawa. Takalman birkin sun sha mai, ba su da sauran amfani, na ruga wajen masu kayan gyara na sayo wasu. Ina aiki, ba abin da nake gani sai tirela ta tsaya a gaban Baba. Wallahi na ji tsoro.

Kafin magariba na mayar da komai. Na juya taya ta tafi sumul, na matsa birki da yatsa biyu ta tsaya cak.

"Ku gwada, Baba."

Ya taso ya kama hannun birkin da damansa. Ina tura babur ɗin a hankali, ina jiran ya tsayar da ni. Na ga jijiyoyi sun tashi a damtsensa, yatsun sun lanƙwashe rabi sun tsaya, taya kuwa tana ta tafiya. Ya sake gwadawa, haka dai. Hannun da na tashi na ga yana kayar da bijimi ke nan.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun damana. Kak ka hwaɗi ma uwarka."

Ya saki, ya sa hannun cikin aljihun riga, ya daɗe yana kallon babur ɗin.

"Gobe kana da aiki?" ya tambaye ni.

Ina da shi, amma na ce babu.

"To taho da wuri. Kai ka ja, ni in zamna baya."