Wanzamin Auta Ya Tafi

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na isa ƙofar shagonka riƙe da kwandon Auta, kamar yadda muka saba yi kowace Talata ta biyu a wata. Na tarar da ƙofar a kulle. Mai gyaran takalma da ke zama a gefen shagon ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi kwandon, sannan ya ajiye gudumarsa ya miƙe tsaye. Shekara huɗu ina wucewa ta gabansa bai taɓa miƙe mini ba. Ya ce, "Baba, ashe ba ka ji ba? Wanzami ya rasu yau da safe a asibiti. Kwana uku kawai ya yi a kwance." Na ce dukkanmu mallakar Allah ne, kuma babu wanda ba zai koma gare Shi ba. Daga nan sai ya turo mini bencinsa, na zauna.

Ni ne wanda kake kira Shugaba. Shekara ashirin da shida na yi ina shugabancin masu gadi a wani babban ɗakin ajiyar kaya, da mutum goma sha takwas a ƙarƙashina, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a zamanina ba. Na ambaci wannan ne domin mai karatu ya sani cewa wanda yake magana ba mai yabon banza ba ne. Wannan shi ne rubutu mafi tsawo da na taɓa yi da hannuna, ban kuma bar kowa ya gyara mini ko harafi ɗaya ba, domin kai ne ka cancanci a yi maka wannan wahalar.

Wajibi ne in bayyana wace ce Auta. Kyanwa ce mai dogon gashi, fara, da toka-toka a gadon baya. Ta marigayiya maiɗakina ce. Ta samo ta ne bayan 'ya'yanmu sun girma sun watse, shi ya sa ta raɗa mata wannan suna. Tun da maiɗakina ta rasu, gidan nan mai ɗaki uku babu mai numfashi a cikinsa sai ni da Auta. Ɗana yana nesa, yana kirana a ƙarshen mako, ya tambayi lafiyata, in ce lafiya, shi ke nan. Yau Auta shekararta goma sha huɗu. Ba ta iya lanƙwasa jiki ta lashi bayanta kamar da. Idan ba a tsefe mata gashi ba, sai ya cure ya dunƙule, ya riƙa jan fata, fatar ta yi miki a ƙarƙashi ba tare da ido ya gani ba. Duk duniya kuwa babu hannun da ta yarda da shi sai naka. Idan na rasa ta, ban san wa zan ce wa ina kwana ba.

Ban zo wurinka da girmamawa ba a ranar farko, kuma ina neman afuwarka a kan haka. A ganina a lokacin, namiji mai hankali ba ya zama yana yi wa kare wanka. Maƙwabciyata ce ta matsa mini, ganin Auta tana ɗingishi, ta daina hawa kujera, wani ɗan wari kuma yana tashi daga jikinta. Ni na ɗauka kewar uwarɗakinta ce. Na shigo na tarar da ɗaki siriri, da tebur na ƙarfe an shimfiɗa masa roba, da baho biyu, da matajai rataye a jikin ƙusoshi daga ƙarami zuwa babba, da tawul-tawul a ninke kamar na asibiti. Kyanwoyi da safe, karnuka da rana, ba ka haɗa su. Ƙanwarka tana can ciki tana busar da wata 'yar kyanwa. Kafin in zauna na sanar da kai ko ni wane ne da irin muƙamin da na riƙe, na kuma ce maka kewa ce ke damun Auta. Ka saurare ni har ƙarshe, sannan ka ce, "To, Shugaba, miƙo mini mai gidan."

Ba ka taɓa ruwa ba, ba ka ɗauki almakashi ba. Hannu ka sa, kana bin jikinta a hankali tun daga bayan kunne har wutsiya, kana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ka zo ƙafar gaba sai ka tsaya. Ka ce, "Shugaba, wannan ba kewa ba ce, farce ne." Ka buɗe mini na gani: farcen ya yi tsawo, ya lanƙwashe, ya shige cikin tafin ƙafarta, wurin ya yi ruwa. Wata shida tana taka wannan a gabana. Ka yanke, ka wanke, ka aske dunƙulen gashi guda bakwai, ka goge mata kunne. Da muka koma gida ta yi tsalle ta hau kujerar maiɗakina.

Daga ranar na zama ɗalibinka, ko da yake na girme ka da shekara goma sha biyar. Daga bakinka na ji cewa wanka shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Kakan ce dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, kyanwa ma ɓoyewa take yi, saboda haka dole a sami wanda zai riƙa bin jikinta da hannu a kai a kai, wanda ya san yadda take a watan jiya. Na ga ka ciro kaska goma sha ɗaya daga kunnen karen mahauci, wanda maigidansa ya ce aljanu ne ke sa shi kaɗa kai. Na ga ka gaya wa wata mata cewa ƙaiƙayin da ke damun 'ya'yanta daga fatar kyanwarsu yake, ta kai yaran asibiti, ta kai kyanwar wurin likitan dabbobi. Ba ka taɓa cewa kai likita ba ne. Abin da ya fi ƙarfinka kakan tura shi gaba. 'Yan zaman bakin titi suna kiranka wanzamin karnuka don su muzanta ka, kai kuma ka yanke rabin sunan ka riƙe, har muka manta da cewa zagi ne.

Yanzu zan rubuta abin da ban taɓa faɗa wa ɗana ba. Kana da al'ada, duk dabbar da ka gama da ita sai ka rubuta wa mai ita 'yar takarda, ka faɗi abin da hannunka ya ji. Ni kuwa ban iya karatu ba. Shekara ashirin da shida na ɓoye wannan, ina cewa idona ne ke ciwo, mataimakina yana rubuta rahoto ina dangwala hannu. Idan ka miƙo mini takarda sai in dube ta, in gyaɗa kai, in ninke in sa aljihu.

Wata Talata shagon ya cika, ka miƙo mini takarda ka ce, "Shugaba, akwai magana a ciki, ka duba da kyau." Na ce na gani. Da wata ya zagayo ka tambaye ni, "Me likita ya ce?" Ban san wane likita kake nufi ba, amma girman kai ya buɗe bakina, na ce, "Ya ce babu komai." Ka sake rubuta wata takarda. A wata na uku hannunka ya isa hammatar Auta, na ga fuskarka ta sauya. Ka tambaye ni wane likita na gani, na fara kame-kame. Ka dube ni na ɗan lokaci. Sai ka aiki ƙanwarka sayen sabulu, alhali ga sabulu a jere a kan kanta. Da ta fita ka ce, "Shugaba, laifina ne. Rubutuna kamar tafiyar kaza yake, ko ƙanwata ba ta gane shi. Bari in faɗa maka da baki." Ashe wani ƙulli ka ji a hammatarta tun yana kamar ƙwayar wake, sau biyu kana rubuta mini in hanzarta kai ta wurin likita. A ranar ya kusa kai girman ƙwai, gashi ya rufe shi. Ka sallami mutum biyu da ke jira, ka kulle shagon, ka ɗauke mu da kanka. Likita ya yi mata aiki ya cire, ya ce da an ƙara wata guda da sai dai haƙuri.

Rubutunka ba kamar tafiyar kaza yake ba. Yanzu da na iya karatu na duba, a miƙe yake, tsaf. Bayan mako guda ka ce mini an buɗe ajin manya a makarantar da ke bayan kasuwa, da yamma, kana so ka je ka gyara hannunka, amma kana jin kunyar zuwa kai kaɗai, ko zan raka ka? Na ce zan taimaka maka. Zama uku ka yi tare da ni a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur, sannan ka ce aiki ya yi maka yawa. Ni na zarce. Shekara biyu ke nan. Har ka koma ga Allah ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa yi maka godiya ba, domin godiyar tana nufin in amsa abin da na ɓoye. Ga shi na amsa a gaban kowa, lokacin da ba za ka ji ba.

Na je gidanka gaisuwa. An yabi haƙurinka, an yabi zumuncinka, duk gaskiya ne. Amma na zauna tun safe har rana ta karkata, ban ji mutum ɗaya ya ambaci sana'arka ba. Yayanka ne kaɗai ya taɓo ta, ya ce za a mayar wa mai gini shagonsa, ya isa haka, a daina cewa ɗan gidansu ne mai wanke karnuka. Ba wurin jayayya ba ne, kuma shi ɗan'uwa ya rasa. Amma ina shaida masa cikin girmamawa, a matsayina na wanda ya shugabanci mutane ya kuma san aikin kirki idan ya gan shi, cewa ƙaninsa ba abin kunya ya bari ba.

Mako tara ke nan rabon Auta da hannunka. Gashin ya cure a bayan kunnuwanta da ƙarƙashin cikinta. Na ce a raina, shekara huɗu ina kallon yadda kake yi, me zai gagare ni? Na ɗauko almakashin ɗinkin maiɗakina, na danne ta a kan tabarma. Ban san fatar tsohuwar kyanwa tana biyo gashi idan an ja ba. Na yanke ta. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ta shige ƙarƙashin gado. Kwana biyar ba ta fito ba sai idan na bar ɗakin. Ina ajiye mata abinci, in fita tsakar gida in zauna, in ji ƙarar kwanonta daga nesa. Ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba.

Na tafi wurin ƙanwarka. Na same ta tana jera matajanka a cikin kwali. Na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta ce, "Baba Shugaba, ai Auta ba ta sona. Shekara huɗu ina busar da ita tana yi mini kallon ɓarauniya." Na ce, "'Yata, ni ma yanzu kallon da take yi mini ke nan." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Da ta share ido ta ce, "Babban yayanmu ya hana buɗe shago, amma bai ce kada in shiga gidan mutane ba. Zan zo ran Asabar."

Ta zo da jakar kayan aikinka. Ta kwanta rub da ciki a bakin gado kusan awa guda tana lallashi kafin Auta ta yarda aka jawo ta. Ta yakushe ta a wuyan hannu har sau biyu. Dunƙule biyu kawai ta samu ta cire cikin shida, ta wanke yankan da na yi, ta ce bai yi zurfi ba, amma kada in ƙara ɗaukar almakashi ko da wasa. Na karɓi wannan umarni. Ta ce sauran huɗun sai wata Asabar, in Auta ta ƙi, sai wadda ke biye. Bayan tafiyarta ina zaune a kan kujera, sai na ji nauyin Auta a kan ƙafata. Ban motsa ba har ƙafar ta sage.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka uku, da yayanka, da ƙanwarka wadda ta ɗauki jakarka, da duk wanda yake isowa ƙofar shagon nan da kwando ko igiya a hannu ya juya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare musu abin da ka bari, Ya sa albarka a hannun da ya gaje ka.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Ya rufa mini asiri a ranar da yake da ikon tona shi, Ka rufa masa nasa a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ya yi rayuwarsa yana tausaya wa bayinKa waɗanda ba su da bakin faɗin ciwonsu. Yau shi ne ba shi da baki. Ka riƙe shi da sauƙi, ya Mai rahama. Amin.

Wanda ya rubuta da hannunsa,
Shugaba, mai Auta.