Zaren da Ya Gogi Ƙirjina a Birmingham

Ƙanin matata ya tona min asiri a bainar jama'a. Shi kaɗai na faɗa wa cewa kansul, wato ƙaramar hukuma, ta sallame ni daga aikin gadi lokacin da aka rage ma'aikata. Ko yayarsa ba ta sani ba, kullum fita nake da jakata kamar mai zuwa aiki.

Mun tashi da asuba daga unguwar Cheetham Hill zuwa yawon buɗe ido a Birmingham, a bas ɗin da 'yan masallacinmu suka ɗauko haya, har da iyalai. Hanya sumul, ba rami ba shinge, sai ruwan sama. Shayin wurin hutawa kuwa ruwan zafi ne mai tsada. Allah ya saka wa matar wani likita, ta zo da waina da yaji.

Birmingham garin maƙeran bindiga ne tun da can. A gidan tarihin da muka shiga an gina ɗaki sak wanda aka harbe wani attajiri a ciki, tun zamanin keken doki. Dattijuwar Baturiya mai yi mana bayani ta ce mai sharar titi aka fara kamawa, wai ta taga ya harbo. Sai wani ɗan sanda ya lura harsashin ya ratsa mutumin ya shige bango. Ya zura siririn ƙarfe a ramin, ya ɗaura zare ya bi. Ban taɓa jin dabara irin wannan ba.

Ta nemi wanda zai zauna a kujerar mamacin. Sai ƙanin matar tawa, mai aikin akanta guda, ya buɗe baki: "Ga Yaya nan. Tunda kansul ta sallame shi ai zama ne aikinsa." Aka yi dariya. Matata ba ta yi ba.

Na zauna. Baturiya ta ja zaren daga bango, ya gogi ƙirjina ya wuce. Ko kusa bai nufi taga ba. Kan kujerar teburin cin abinci ya dire, inda ɗan'uwan mamacin ke zama. Zaren nan ne ya ceci mai shara daga rataya. Na manta da halin da nake ciki har na tafa.

A dawowa matata taga kawai take kallo. Muna sauka ƙanin nata ya matso yana murmushi: "Yaya, wasan ƙanin mata ne fa."

Na ce, "Akanta, tunda na zo ƙasar nan taga nake gadi, ashe daga tebur ake harbi. Tuwon yayarka ba zan hana ka ba. Amma daga yau a waje za ka tsaya, ta taga za a miƙo maka."