Kofin da na karɓa a Manchester

Shekarun baya ne, a lokacin zafin Turawa, lokacin da rana take ƙin faɗuwa har mutum ya gaji da jiran magariba. Shekara ce mai daɗi a wurina. Ɗana ya gama karatunsa a jami'ar Manchester, ya samu aiki a Birmingham, ya kama gidan haya a unguwar Perry Barr shi da matarsa, ya aiko mini da tikiti in zo in ga bikin kammalawa. Ni da na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye auta, sai ga ni cikin masu manyan huluna.

Bayan biki malaminsa ya gayyace mu walima a bayan gidansa. Mutanen kirki ne, har naman halal suka nemo saboda mu. Da la'asar ta yi, ɗana ya shiga ciki salla, ya bar ni a kujera kusa da furanni.

Nan wani dattijo ya iso, mahaifin malamin, yana jan ƙafa, kwalba a kowane hannu. Ɗaya doguwa ce, abin cikinta ja kamar zoɓo. Ɗayar gajeruwa mai ruwan ƙasa, an manna mata takarda da rubutun hannu. Ya ɗaga doguwar ya nuna can nesa, wato daga wata ƙasa aka kawo ta. Ya ɗaga gajeruwar ya bugi ƙirjinsa yana murmushi, wato shi ya haɗa ta da kansa. Ba zan ce ban gane ba. Warin kaɗai ya gaya mini duka biyun giya ce.

To amma mu a gida, babba ba ya miƙo maka abu ka mayar masa da hannu. Ni ba na cin goro, amma ban taɓa ƙin karɓa ba, in ƙulle a bakin mayafi in ba wani. Sai na ce a raina karɓa ai ba sha ba ce. Har zaɓi na tsaya yi, kamar mai tayin atamfa: tunda wannan aikin hannunsa ce, ita ta fi cancanta a girmama. Na nuna gajeruwar. Ya cika mini kofi har kumfa ta zubo a yatsuna.

Ina riƙe da shi ina neman inda zan ajiye ɗana ya fito, da ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba. Dattijon ya ɗaga murya ya faɗi wani abu, abokan karatun ɗana suka yi dariya, ɗaya ya dafa masa kafaɗa. Shi bai yi dariya ba. Ya zo a hankali ya zare kofin daga hannuna ya ajiye a teburi.

Ni da ɗana muka hau jirgin ƙasa na komawa Birmingham, har muka yi nisa. Na tambaye shi me tsohon ya faɗa. Ya ce tsohon cewa ya yi na fi ɗana sanin abu mai kyau.

Na ce, "Ai ban kai bakina ba."

Ya ce, "Na sani, Umma. Su ne ba su sani ba. Duk shekarun nan, ba taron da ba a miƙo mini ba. Kullum ina ce musu a'a, haka mahaifiyata ta rene ni. Yau sun ga mahaifiyar."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Na juya ina kallon gonaki ta taga, ina goge yatsuna da gefen zani.

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na tsaya kare mutuncin tsohon da ban taɓa gani ba, na zubar da maganar da ɗana ya daɗe yana tsaye a kanta shi kaɗai. A gida kowa ya san ma'anar irin wannan karɓa. A can babu wanda ya sani, abin da ido ya gani shi ke nan. Shi da na koya wa kunya, ya iya cewa a'a cikin ladabi, ni ban iya ba.

Washegari da safe, kafin surukata ta sauke shayi, na riga na yafa mayafi na zauna a falo da jakata a cinya. Ɗana ya fito ya tambaye ni ina zuwa. Na ce ya saya mana tikiti biyu zuwa Manchester, zan je in gaya wa tsohon da malamin, da bakina, cewa ba na sha, ban sha ba, kuma yaron nan gaskiya yake faɗa musu. Ya ce ai zai iya kiran su a waya ya yi bayani. Na ce a'a, ni na karɓa. Shi aikinsa fassara kawai, kuma kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.